Zoben Benzin a Garejin Dramani

An haifi 'yata ta fari, Ikhlas, a Samaru ta Zariya a watan Yulin 1990. Ta rasu a Doha ranar 12 ga Nuwamban 2018, tana da shekara ashirin da takwas da wata huɗu. Ba ta riƙe wani muƙami ba. Ma'aikaciya ce a wani ɗakin gwaje-gwaje mai zaman kansa a Sanaiya, unguwar masana'antu da gareji, inda ake kawo musu mai ko ruwa cikin ƙananan kwalabe su faɗi abin da ke ciki. Abin da zan ba da labarinsa ya faru a 2015. Mafi yawansa a gabana aka yi. Inda ban gani da idona ba, zan faɗi wanda ya gaya mini.

Mun zo Doha a 2003, lokacin da na sami aikin injiniyan lantarki, muka kama gida a Mu'aither. Tana da shekara goma sha uku. Tun a lokacin tana da wata ɗabi'a da ke ba mahaifiyarta, Ruƙayyatu, haushi da dariya tare: ba ta amsa tambaya sai ta duba sau biyu. Idan aka ce ta ɗanɗana miya ta ji gishiri, sai ta ɗanɗana, ta kurkure baki, ta sake ɗanɗanawa.

"Ikhlas, miya ce fa, ba shari'a ba," in ji uwar.

"Na farkon zai iya zama harshena ne, Umma," in ji ta.

Da wannan halin ta karanta kemistiri a jami'a, ta gama a 2012, ta kama aiki shekarar da ta biyo.

Dramani mutumin Zangon Kumasi ne, a Gana. A lokacin ya ba hamsin baya kaɗan, kuma shi ne babban makaniki a wani gareji da nake kai motata tun 2008. Garejin na wani Balarabe ne, kafil ɗinsu, wato wanda takardun zamansu ke ƙarƙashin sunansa, amma bai cika leƙowa ba. Mutum bakwai ne ke aiki a ƙarƙashin Dramani, suna ce masa Masta. Shi ne kuma ke jan su salla a kan wata doguwar darduma da suke shimfiɗawa bayan injin ɗaga mota. Ya yi karatun allo da na littattafai a gida, kuma a kan alwala ba ya wasa. Yakan ce giris shamaki ne: in ya rage a fata, ruwa bai taɓa fatar ba, in ruwa bai taɓa fata ba babu alwala, in babu alwala to an yi motsa jiki ne kawai.

Saboda haka akwai wani shuɗin duro a gindin famfo, babu rubutu ko ɗaya a jikinsa, da gwangwani ɗaure da igiya. Da an kira salla sai su yi layi. Kowa ya ɗebi ruwan duron, fari tas kamar ruwan sha, ya zuba a hannu har gwiwa, ya murza. Baƙin giris ya zube nan take. Sannan su yi alwala. Azahar, La'asar, Magariba, kwana shida a mako. Dramani da yake liman ne, sau biyu yake wanke nasa, har da ƙarƙashin farce. Na sha ganin wannan layin. Abin da kawai ya zo mini a rai shi ne mutanen nan suna da tsafta.

Wata Asabar a cikin Maris motata za ta kwana a garejin, sai na kira Ikhlas ta biyo ta ɗauke ni, tunda tsakanin wurin aikinta da nan layi huɗu ne. Ta iso daidai kiran Azahar.

"Injiniya, wannan ce likitar gidan naka?" in ji Dramani, yana murza hannu.

"Ba likita ba ce, Masta. Mai take gwadawa."

"Ashe abokiyar aiki ce. Mu mu zuba, ita ta gwada. Sannu da zuwa, Malama."

Ta rusuna ta gaishe shi, amma na ga hancinta ya motsa. Ni ma na san warin, wani ƙamshi-ƙamshi mai zaƙi, ba irin na fetur ba. Ta tambaye shi abin da ke cikin duron.

"Ruwan wanki ne. Wani ɗan kasuwa ke kawo mana, da araha. Wannan shi ne na uku. Na farkon shekara biyu ya yi a cikin ranar nan, ko launi bai sake ba."

Ta roƙi a ba ta kaɗan. Alidu, mataimakinsa, wani dogon mutum mai bakin barkwanci da suka fito unguwa ɗaya, ya cika mata wata kwalbar gilashi yana cewa, "In turare za ki haɗa da shi, Malama, kar ki manta da masu duro."

A mota, da muka fita Sanaiya, ta ce, "Abba, ka lura da asuwakinsa?"

Ban lura ba.

"Ja ne. Dasashinsa na jini. Kuma akwai shatin taruwar jini guda uku a damtsensa, wurin da ba a bugewa da aiki. In abin da nake zato ne ke cikin duron nan, jinin mutumin nan yana ƙarewa, kuma bai sani ba."

Na ce mu juya mu gaya masa. Ta ce a'a, zato ne, ba za ta tsorata mutum da zato ba. Kwana uku take so.

Ta nemi izinin shugabanta ta sa ruwan a na'urar da ke rarrabe sinadarai. Ta gwada ranar Lahadi, ta sake gwadawa ranar Litinin. Ranar Talata bayan La'asar ta ajiye mini takarda a kan tebur. Kashi talatin da takwas cikin ɗari na ruwan wani sinadari ne da ake kira benzin. Gwaji na biyu ya ba da talatin da bakwai da rabi.

Ni lantarki na karanta, kemistirina ya tsaya a sakandare, don haka na ce ta yi mini bayani. Ta juya takardar ta zana siffa mai kusurwa shida. Ta ce kowace kusurwa ƙwayar kabon ce, kowacce riƙe da haidrojin ɗaya, duka a shimfiɗe kamar faranti. A tsohon zane ana nuna gefe uku da ɗauri biyu-biyu, gefe uku da ɗauri ɗai-ɗai, ana tsallake ɗaya. In haka ne, ya kamata gefe uku su fi gajarta, domin ɗauri biyu tsawonsa 134 ne a ma'aunin pikomita, ɗauri ɗaya kuwa 154. Amma da aka auna, sai aka tarar duka gefe shidan tsawonsu ɗaya, kimanin 139. Akwai ilektron shida da ba na kowane gefe ba ne shi kaɗai. Sun bazu a sama da ƙasan zoben, kowace kusurwa na da rabo daidai da 'yar'uwarta. Ta goge layukan biyu-biyu, ta zana da'ira a tsakiya.

"Shi ya sa ba ya lalacewa," in ji ta. "Abu mai ɗauri biyu na gaske, da ka zuba masa ruwan buromin zai buɗe ya karɓa, launin ya ɓace. Wannan ba ya buɗewa. Ko an matsa masa, ya gwammace ya ba da haidrojin ɗaya a musanya masa da wani abu, zoben dai ya zauna yadda yake."

Na ce ai wannan abin sha'awa ne.

"A takarda ya fi komai kyau, Abba. Shi ya sa na so kemistiri. A jikin mutum ne ba shi da kyau."

Ta ce yana shiga ta numfashi, yana shiga ta fata. Hanta ta yi ta fama da shi tana liƙa masa iskar oksijin don ta samu ta fitar da shi, kuma abubuwan da ke fitowa daga wannan faman su ne ke tafiya ɓargo, inda ake yin jini, su lalata shi.

Shawarata mai sauƙi ce: a rubuta wa kafil takarda, a ɗauke duron. Ta ce za ta rubuta, amma wannan ba zai ceci Dramani ba. In aka ɗauke yau, gobe da Azahar mutum takwas za su tsaya a gindin famfo da giris har gwiwar hannu, liman na jira. Za su zuƙo fetur daga tankin wata mota, ko su sayo wani duron su ɓoye. Ba duron ne ke riƙe da su ba, alwala ce. Sai Dramani da kansa ya ce a daina.

Muka koma ranar Laraba. Ta nuna masa takardar. Ya karɓa, ya duba gaba da baya cikin ladabi, ya miƙa mata.

"Malama, ni abin da na sani, mugun abu shi ke ruɓewa. Madara ta kwana ta yi tsami. Mai ya daɗe ya yi ɗoyi. Irin wannan ruwan ranar Doha ta dafa shi shekara biyu bai ce uffan ba. Ina muguntar take?"

Ikhlas ta waiwaya, ta ɗauki wani noti a kan teburin aiki, mai lamba goma sha tara. Ta ɗora a tafin hannunta.

"Baba Dramani, gefe nawa?"

"Shida."

"In uku gajeru ne, uku dogaye, sifana za ta kama?"

"Wannan ai ba noti ba ne, sai shara."

"To abin da ke cikin duron nan, in da ido zai gan shi, haka yake. Gefe shida, duka daidai." Ta nuna wata babbar mota da ke kan injin ɗagawa, tayarta a cire. "Wannan noti nawa ke riƙe tayarta?"

"Shida."

"Yaya kake ɗaure su?"

Nan fa ta taɓo inda yake so. Ya ajiye tsumman hannunsa ya shiga bayani. Ba a ɗaure ɗaya tamau a bar sauran. Ana ɗaurawa kaɗan-kaɗan, wannan sannan na daura da shi, a zagayo, a sake zagayowa, har nauyin ya rabu daidai a kan duka shidan. In ɗaya ya ɗauki nauyi fiye da sauran, nan ne za ta karye. In sun raba daidai, mota ta je Makka ta dawo taya ba ta motsa ba.

"Haka wannan abin yake," in ji ta. "Abin da ke riƙe shi ya rabu daidai a kan duka shidan. Babu wani gefe mai rauni da rana ko iska za su kama."

Dramani ya juya wajen yaransa yana murmushi. "Kun ji ko? Malama da kanta ta ce kayanmu mai kyau ne. Injiniya, Allah ya yi wa karatun nan albarka."

Suka fashe da dariya. Ni kaina na ɗauka ta ba da kanta. Ta bari suka gama.

"Baba, in noti ya ƙi kwancewa, ka sa sifana ya ƙi, ka sa mai ya ƙi, me kake yi?"

"A sa masa wuta. In ya ƙi, cizal da guduma."

"Da buɗaɗɗen ido?"

"Haba. Ɓarɓashin ƙarfe ya cire wa wani ido a layi na sha biyar."

"To kullum sau uku kana tura wa hantarka irin wannan notin. Ba ta da sifanarsa. Cizal take sa masa, ɓarɓashin kuma ɓargonka yake faɗawa, inda ake yin jini. Yaushe asuwakinka ya fara yin ja?"

Dariyar ta tsaya. Dramani ya dubi Alidu, Alidu ya dubi ƙasa. Daga baya Alidu ya gaya mini cewa wata biyar ke nan Masta na haɓo, yana cewa zafi ne, kuma in ya hau matakala sai ya tsaya ya huta.

Sai Dramani ya ce, a hankali, "Ɗiyata, na ji. Amma ba zan tsaya gaban Ubangijina da giris a hannu ba, kuma ba zan ja mutum bakwai salla babu alwala ba. Mun gwada sabulu, ba ya fitarwa. Safar hannu minti goma take yi ta yage, ga zufa. Tsakanin kiran salla da tayarwa minti nawa ne? Mu takwas, famfo ɗaya. Ki kawo abin da zai fitar da giris tas, cikin lokaci, in gani da idona, ranar nan zan rufe duron. Kafin nan, khalas, maganar ta ƙare."

Ta ce ya yarda aƙalla a gwada jininsa. Ya ƙi. Yana tsoron in asibiti ta rubuta ba shi da lafiya, kafil ya sallame shi ya koma gida. Ta ce to ya rage zuwa wanki ɗaya maimakon biyu, kuma a matsar da duron inda iska ta fi kaɗawa. Wannan ya yarda. Ta roƙi Alidu ya cika mata gwangwani da tsohon giris, irin baƙin da ke fitowa daga cikin taya.

Kwana goma sha ɗaya ta yi tana gwaji a bayan gidanmu. Tana dawowa aiki ta ci abinci, ta fita wajen famfon tsakar gida, ta shafa giris har gwiwar hannu, ta ba ni agogo. Ruwan duron daƙiƙa arba'in yake ɗauka, ta auna wannan a garejin. Akwai man wanke hannu na makanikai da ake sayarwa a kanti, ta sayo ta gwada, yana aiki, amma ta ajiye shi gefe. Ta ce ranar da ya ƙare ba wanda zai tafi kanti, duro za a koma. Tana son abin da ke cikin garejin ko maƙwabtansa.

Sabulun wanke kwano shi kaɗai: minti shida, kuma bai fita ba. Da toka: fata ta yi ja. Da yashi: ya fita, amma ya kankare ta. Ruƙayyatu ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon hannayen.

"Mansur, kana tsaye da agogo 'yarka na mayar da hannunta na maƙera? Wa zai sa wa wannan lalle?"

A rana ta shida Ikhlas ta shiga kicin ta ɗauko man girki. Ta ce giris ɗan'uwan mai ne, ruwa ba ya kama shi, amma mai zai narkar da shi, sannan sabulu ya kwashe su tare. Cokali ɗaya na mai, a murza a busasshen hannu kafin ruwa ya taɓa. Giris ya saki. Minti uku. Abin da ya rage shi ne na cikin tsagar fata da gefen farce. A rana ta tara ta biya ta wurin wasu kafintoci da ke bayan garejin, waɗanda ke zubar da garin katako buhu-buhu, ta ɗebo. Ta tankaɗe shi da rariyar uwarta, abin da ya jawo wata maganar, ta cuɗa da sabulun wanke kwano. Mai, a murza, sannan cuɗin, a murza, sannan ruwa. Minti ɗaya da daƙiƙa hamsin. Kashegari ta sake, da wanshekare ta kuma sakewa. Ɗaya da arba'in da biyar, ɗaya da hamsin.

Na ce har yanzu ruwan duron ya fi sauri nesa ba kusa ba, ga mutum takwas.

"Kashi uku cikin huɗu na lokacin ba a bakin famfo ake yin sa ba, Abba. Duk takwas ɗin za su iya murzawa a lokaci ɗaya. Ɗauraya ce kawai ke son layi."

Ranar Asabar ta farko a Afrilu muka je da galan na man girki da bokitin cuɗi. An kusa kiran Azahar. Dramani ya fito daga ƙarƙashin wata mota, hannayensa baƙi ƙirin. Na lura fuskarsa ta ƙara ɗashewa cikin makonni biyun nan. Ikhlas ta ce ita ba za ta wanke nata ba, za a ce hannun ofis ne. Nasa za a wanke.

Ta zuba masa mai a tafi. Alidu ya leƙo.

"Yauwa. Saura albasa da attarugu. Malama, a soya Masta da kyau, ya yi tauri."

"Rufe mana baki, kai ne na biyu," in ji Dramani.

Ya murza. Man ya koma baƙi, ya fara ɗiga. Ta ɗiba masa cuɗin. Ya murza tsakanin yatsu, ya bi gefen farce ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ya saba. Ina riƙe da agogo. Da ya ɗauraye, minti biyu da daƙiƙa biyar suka wuce, domin ya fi ta tsanani.

Ya ɗaga hannun sama cikin haske, ya juya shi. Sannan ya yi gwajinsa na kullum, wanda ban san yana yi ba sai ran nan: ya ɗebi ruwa a hannun dama ya zuba a bayan na hagu, ya sunkuya yana kallo. In akwai maiƙo, ruwa dunƙulewa yake yi ƙwaya-ƙwaya ya gangare. Wannan ya shimfiɗu ya jiƙa fatar baki ɗaya. Ya sake a ɗaya hannun. Ya sake a gwiwar hannu. Ladanin wani masallaci can ya fara kira.

"Yalla, maza," in ji shi ga yaransa. "Kowa ya miƙo hannu."

Suka zagaye bokitin. Na duba agogo daga lokacin da aka zuba wa na farko mai har na ƙarshe ya gama alwala: minti tara. Na bi su salla. Bayan sallama Dramani ya tashi, ya ɗauki murfin duron ya ɗaure da sifana da hannunsa, ya tsinke igiyar gwangwanin. Sannan ya zo ya tsaya gaban Ikhlas.

"Asibitin nan, in na je, ke za ki yi musu bayani? Ni Turancina na gyaran mota ne."

Ranar Litinin ta ɗauki izini a wurin aiki ta raka shi. Ban je ba, ita ta gaya mini. Ƙwayoyin da ke tsayar da jini, waɗanda ya kamata su kai dubu ɗari da hamsin ko fiye, nasa dubu sittin da takwas ne. Sauran ƙwayoyin ma duk sun yi ƙasa. Likita ya ce ɓargon ya gaji amma bai ga alamar kansa ba. In an raba shi da abin, zai iya farfaɗowa, zai iya kuma ƙin farfaɗowa, sai a jira a gani. An gwada sauran bakwai ɗin, biyu nasu ya ɗan sauka, ba kamar na liman ba. Ikhlas ta rubuta wa kafil shafi ɗaya da Larabci, ta haɗa da sakamakon gwajin, ba ta zargi kowa ba. Bai sallami kowa ba. Ya kira masu kwashe irin wannan sharar suka ɗauke duron cikin mako.

Daga nan sai jira. Duk wata uku Dramani ya je a ɗibi jini, ya ɗauki hoton takardar da waya ya aiko mata. Yuli: dubu tamanin da ɗaya. Oktoba: saba'in da tara, kuma ranar ba ta ci abincin kirki ba. Janairu: ɗari da huɗu. Ban taɓa jin ta ce ya warke ba. Takan ce, "Yana hawa." A lokacin nan ne ya fara aiko mana da shinkafa da wake irin dafuwar Kumasi duk ranar Juma'a, da yaji baƙi a ƙaramar roba, har Ruƙayyatu ta yafe maganar rariya.

Ikhlas ta ci gaba da aikinta shekara uku bayan haka. An ƙara mata girma sau ɗaya. Ba ta taɓa ba da wannan labarin a gaban baƙi ba, in na fara sai ta tashi ta shiga kicin. Wata safiyar Lahadi tana shirin fita aiki ta ce kanta na ciwo, ta zauna a kan kujera. Jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwarta. Likitoci sun ce da ita aka haife ta, ba ta da alaƙa da aikinta. Na tambaya sau biyu. Ta rasu kashegari. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

A rana ta biyu ta zaman makoki, wajen La'asar, wata tsohuwar bas ta tsaya a ƙofar gidanmu. Dramani ne da mutanensa bakwai, sun rufe garejin. Suka yi gaisuwa, suka zauna. Da lokacin salla ya yi, suka fita wajen famfon tsakar gida, wanda ta yi gwajinta a gindinsa, suka yi alwala. Mutanen da ke wurin, har da likitoci da malaman jami'a, suka tura Dramani gaba ya ja mu.

Da za su tafi ya ja ni gefe, ya zaro takarda a ninke daga aljihu.

"Injiniya, ta makon jiya ce. Na ɗauki hoton, ban kai ga aika mata ba."

Na buɗe. Dubu ɗari da saba'in da biyu. Ya ce wannan ce ta huɗu a jere da ta wuce ɗari da hamsin, kuma likita ya ce ba sai ya dawo ba sai bayan shekara. Ya ce Malama ta gaya masa tun a ta farko cewa ɗaya ba ta isa shaida ba, sai an maimaita.

Ya sa hannu a ɗaya aljihun ya fito da notin nan mai lamba goma sha tara. Ya ce tun ranar bai ɗaura shi a jikin kowace mota ba. Da shi yake yi wa sababbin ma'aikata bayani, da makanikan wasu garejin in sun zo tambayar me ya sa ake ganin man girki a gindin famfonsa. Ya miƙo mini. Na ce ya riƙe, a wurinsa yake da aiki. Takardar na karɓa.

Har yanzu can nake kai motata. A watan jiya na bi layin da ƙafa daga farko har ƙarshe ina leƙa gindin famfo. Gareji goma sha ɗaya ne a layin. Na ga galan na mai da bokitin garin katako a guda huɗu. Sauran bakwai ban san da me suke wankewa ba, na gaya wa Dramani, ya ce zai bi su. Ranar na tarar da shi yana ɗaure tayar wata mota, noti ɗaya sannan na daura da shi, yana zagayawa. Ya ce in jira shi ya gama, an kusa kiran salla.